Abubakar Imam a Kujerar Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo

Duk wanda ya yi makarantar boko a ƙasar Hausa, idan aka ambaci sunan Alhaji Abubakar Imam, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne akun nan mai zaƙin baki na cikin Magana Jari Ce, ko kuwa Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta ƙulla wa juna tsiya a hanyar neman Ruwan Bagaja. Babu laifi a cikin wannan, domin littattafan sun cancanci sunan da suka yi. Sai dai tun da Allah ya yi masa rasuwa a Zariya cikin watan Yunin 1981, kusan duk lokacin da aka tashi tunawa da shi, a taron marubuta ne ko a shirin rediyo, akan tsaya ne a kan mai ba da labari, a bar ɗan jarida a baya, alhali kuwa littafin da ya fi fito da sunansa cikin wata shida ya rubuta shi, kujerar editan Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa fiye da shekara goma ya yi a kanta. A ganina, abin da ya shuka a kan wannan kujera ya fi shiga rayuwar Arewa nisa fiye da yadda muke lissafawa, kuma shi ne ɓangaren aikinsa da ya fi kusa da salwanta.

An haife shi a Kagara a 1911, garin da yanzu yake cikin Jihar Neja, a gidan malanta da alƙalanci, kuma ya sami karatun allo da na littattafai tun kafin a sa shi boko. Daga baya Katsina ta zama gida. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya fita a 1932, wato ya zauna a makarantar a zamani ɗaya da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan ya kama aikin koyarwa a Midil ta Katsina. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin yadda Hausarsa take ba, domin mutum ne da ya tashi da Larabcin zaure a kunne ɗaya da Turancin kwaleji a ɗaya kunnen, ga kuma hirar fada da ta kasuwa wadda ya iya saurara.

Ya kamata a tuna halin da rubutun Hausa yake ciki a wancan lokaci. Hausawa sun daɗe suna rubutu da ajami, amma yawancin abin da suke rubutawa waƙa ce ta wa'azi da fiƙihu da yabon Annabi da tarihi, sai kuma wasiƙu. Zube mai tsawo, idan na ilimi ne, da Larabci ake yin sa. Boko kuwa sabon abu ne da Turawa suka kawo, kuma abin da aka buga da shi bai wuce littattafan koyon karatu da na kiwon lafiya da fassarar tarihi ba. Yaro yakan koyi haɗa baƙi a elementare, ya fito ya rasa abin da zai karanta don jin daɗi, har karatun ya zube masa. Wannan giɓi ne ya sa Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi, ya zagaya garuruwan Arewa a 1933 yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Shi kansa East ya bayyana wahalar da ya sha wajen shawo kansu, domin a wurin malami mai mutunci, zama a ƙago labarin da bai faru ba tatsuniya ce, tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara da dare. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan gasa, ciki har da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, yayan Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ruwan Bagaja na Imam, wanda a lokacin yake ɗan shekara 22.

East ya ga abin da yake nema a wurin wannan matashin malami, shi ya sa a 1936 ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina, ya zaunar da shi a Zariya, ya tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, ya ce ya karanta ya fitar da nasa. Abin da ya fito shi ne juzu'i uku na Magana Jari Ce. Tun daga lokacin da masana adabi, musamman Farfesa Ibrahim Malumfashi, suka bi diddigin tushen labaran suka nuna wanne ya fito daga Alfu Laila, wanne daga tatsuniyoyin Jamusawa, wasu suka shiga cewa ashe Imam fassara kawai ya yi. Binciken yana da amfani ƙwarai, kuma shi Imam bai taɓa ɓoye yadda aka yi aikin ba. Hukuncin da wasu suka ɗora a kan binciken ne ban yarda da shi ba. A ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. A tushensa na Jamus, kuku ce ta cinye kajin da aka gasa wa baƙon ubangidanta, sannan ta tsorata baƙon da wuƙar da maigidan yake wasawa, ta koma ta ce wa maigidan baƙo ya gudu da kaji. Ƙashin labarin ke nan, kuma Imam bai canza shi ba. Amma ya mayar da kuku da ubangida suka zama mata da miji, ya sa su a gidan Bahaushe inda baƙo yake da hakki kuma mace ba ta zama cin abinci tare da baƙin mijinta, har kwaɗayin matar da wautar mijin suka zama abin da kowa ya taɓa gani a unguwarsu. Yaron da ya karanta shi a Daura ko a Maraɗi babu abin da zai sa ya yi zargin cewa labarin ya ƙetaro teku. Haka kuma dabarar akun da yake riƙe ɗan sarki Musa da labari kowane dare har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, tana da asali a hikayoyin Indiya da Farisa, amma fadar da abin yake faruwa a cikinta, da bayin sarki da kirari da gaisuwa da makircin 'yan majalisa, duk na ƙasar Hausa ne.

Na tsaya a kan wannan ne domin ita ce gwanintar da ya ɗauka ya shiga aikin jarida da ita: ya karɓi abu baƙo, ya narkar da shi, ya fito da shi cikin maganar da Bahaushe zai ji kamar a bakin maƙwabcinsa ta fito.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Kafin ita an yi Jaridar Nijeriya ta Arewa, wadda ba ta wuce takardar sanarwar gwamnati ba. Lokacin da aka kafa Gaskiya, duniya tana gab da faɗawa yaƙi, Hitila yana neman a mayar wa Jamus ƙasashen da aka ƙwace mata bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta iya miƙa Nijeriya don a zauna lafiya. A Arewa wannan magana ba wasa ba ce, tun da wani yanki na tsohuwar Kamarun Jamus, wajen Adamawa da Dikwa, tare da lardunan Arewa ake mulkinsa. Gwamnati tana bukatar bakin da zai kashe jita-jita, tana kuma so ta riga jaridun Legas isa kunnen 'yan bokon Arewa. Babu amfanin a ɓoye wannan: jaridar gwamnatin mulkin mallaka ce, da kuɗinta aka kafa ta, kuma akwai Bature a saman editan. Abin sha'awa shi ne abin da Imam ya yi a cikin wannan ƙunci.

Abu na farko shi ne harshe. A watan Satumbar wannan shekara yaƙi ya ɓarke, sai ga edita yana fuskantar aikin da babu wanda ya taɓa yin irinsa da Hausa: ya bayyana wa manomi a Kazaure abin da ya haɗa Jamus da Folan, da yadda jirgin ruwa yake tafiya a ƙarƙashin teku, da dalilin da ya sa gishiri da kananzir da yadi suka yi tsada, da inda Habasha da Bama suke, ƙasashen da aka kwashi 'ya'yan Arewa aka kai su fagen daga. Ba shi da wanda zai kwaikwaya. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana nan, amma ƙamus yana tara kalmomin da ake da su ne, ba ya gaya wa mutum yadda zai shirya labarin yaƙin zamani cikin jimlar da za ta zauna daidai a kunne. Imam ya ɗauki hanyar mai ba da labari. Yakan fara daga abin da mai karatu ya sani ya kai shi ga wanda bai sani ba, yakan sa karin magana inda Bature zai sa dogon bayani, kuma ba ya jin kunyar barkwanci ko a cikin magana mai nauyi. Daidaitacciyar Hausar da muke rubutu da ita yau, da ƙa'idojin raba kalma da haɗa ta, da baƙaƙen nan masu lanƙwasa, hukumomi ne suka tsara su a takarda, amma a shafukan Gaskiya ne jama'a suka gan su ana aiki da su fitowa bayan fitowa har idonsu ya saba. Lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, sannan gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya biyo baya a 1962, sun tarar an riga an share musu hanya, akwai Hausar labaran duniya da mutane suka yi shekara goma sha takwas ko fiye suna ji.

Na ce suna ji, domin yawancin waɗanda jaridar ta isa gare su ba karanta ta suke yi ba. Wani baffana da ya yi aikin malamin haraji a zamanin En'e ya sha ba mu labarin yadda abin yake a gundumar da ya zauna. Jarida takan iso tare da wasiƙun ofishin hakimi, wani lokaci ta kwana biyu a hanya har labaran sun tsufa. Bayan sallar la'asar sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar fada, a miƙa masa ita domin shi ne mai boko, ya karanta da ƙarfi tun daga shafin farko, dattawa suna tsayar da shi. Wani ya ce, “Malam, koma baya, wace ƙasa ka ce ta faɗi?” Wani ya tambaya ko tana gabas da Makka ne ko yamma. Idan ya gama, limamin gari yakan karɓa ya juya ta ya duba hotuna, sannan a ba wani ɗan makaranta ya kai ta ƙauyen gaba. Baffa ya ce abin da yake ba shi mamaki shi ne bai taɓa bukatar ya tsaya ya fassara wa mutane abin da edita yake nufi ba, yadda yake yi idan takardar Di'o ce ta zo, domin rubutun a shirye yake don baki. Na yi imani Imam ya san da irin wannan zama, kuma don su yake rubutu. Wanda ya ɗauki shafi guda na rubutunsa ya karanta a bayyane zai ji inda aka bar masa wurin numfashi.

Abu na biyu, wanda a wurina ya fi na farko girma, shi ne filin wasiƙu. Kafin 1939, talaka ko ƙaramin ma'aikaci a Arewa ba shi da inda zai faɗi ra'ayinsa mutanen wani lardi su ji. Idan yana da kuka, dagaci zai kai wa, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai fada in ya ga dama. Majalisar dokoki da ke Legas ma ba ta da wakilan Arewa sai bayan tsarin mulkin Richards, Gwamna ne yake yi wa lardunan Arewa doka shi kaɗai. Cikin wannan hali sai ga takarda da malamin elementare a Bauci zai rubuta wa, a buga, ma'aikacin asibiti a Sakkwato ya karanta ya mayar masa da martani. Aka shiga tattauna ilimin 'ya'ya mata, da tsadar aure, da cin hanci, da halin ma'aikatan En'e, da zaman Arewa a baya wajen boko. Mutanen da daga baya suka zama jagororin siyasa, masu ra'ayin riƙau da masu neman sauyi, da yawansu a nan suka fara jin muryar juna. Aikin edita a irin wannan fili ba a ganinsa, amma shi ne komai: wace wasiƙa za a buga, wace za a rage wa kaifi don ta wuce idon Bature ba tare da ta rasa ma'anarta ba, wace za a ajiye domin buga ta zai jawo wa marubucinta kora daga aiki ko fushin fada. Imam yana tsakanin Razdan da sarakuna da samari 'yan boko masu zafin kai, kowanne yana ganin jaridar ta karkata ga wani. Sau da yawa abin da ba zai iya faɗa kai tsaye ba yakan sa shi a bakin labari ko karin magana, mai hankali ya gane, wanda aka yi dominsa kuma ya rasa inda zai kama. Wanda ya rubuta labarin akun da yake gaya wa sarki gaskiya ba tare da an fille masa kai ba, ya san wannan hanya tun kafin ya zama edita.

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci tawagar editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Imam yana ciki tare da Nnamdi Azikiwe. Labarin tafiyar shi ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. A wannan tafiya Azikiwe ya shirya takardar neman a ba ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila mulkin kai cikin shekara 15, Imam kuwa ya ƙi sa hannu. Wannan shi ne abin da masu sukarsa suka fi riƙewa, kuma ban ga dalilin da zai sa mai ƙaunarsa ya kauce wa maganar ba. Tarihi ya nuna lissafin Azikiwe bai yi nisa da gaskiya ba, tun da an sami 'yanci a 1960. Amma idan aka dubi abin daga inda Imam yake tsaye, Arewa a lokacin Kwalejin Kaduna ce kaɗai babbar makarantar gwamnati da take yaye mata 'yan boko masu zurfi, likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa kuwa ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, ba ta da wakili a majalisa, kuma shi kansa babu wanda ya aiko shi ya yi magana da yawun miliyoyin mutane. Yana ganin mulkin kai a wannan hali zai zama sauya ubangida ne kawai. Ana iya saɓa masa, ni ma ina ganin ya fi kyautata wa Turawa zato fiye da yadda suka cancanta, amma tsoro ko neman gindin zama ba su ne suka hana shi sa hannu ba, kuma abin da ya yi a sauran kwanakin tafiyar ya tabbatar da haka.

Ya sami ganawa da Lugga, wato Lord Lugard, wanda a lokacin tsoho ne ɗan shekara 85, mutumin da ya ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903 kuma ya kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna. Imam ya zayyana masa, a baki da kuma a rubuce daga baya, yadda tsarin nasa ya koma: sarakuna sun sami ikon da babu mai taka masa birki sai Bature, talaka ba shi da hanyar kai kuka, jami'an Turawa sun yi nisa da jama'a suna jin abin da fada take so su ji kawai, samarin da aka ilimantar kuma an bar su a gefe ana kallonsu a matsayin marasa kunya. Ɗan shekara 32, ma'aikacin gwamnati, yana gaya wa wanda ya gina gidan cewa ginin ya tsage. Shekara bakwai bayan haka, a 1950, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Arewa ya kawo ƙudurin gyara mulkin En'e, kuma wanda ya kwatanta maganganun biyu zai ga damuwa iri ɗaya ce take tafe a cikinsu. Matsayin Imam ke nan duk rayuwarsa: a gyara daga ciki, a hankali, ba tare da an rushe ba. 'Yan NEPU, waɗanda suka kafa jam'iyyarsu a wannan shekara ta 1950, sun ga wannan hanya ta yi sanyi da yawa, kuma a idonsu Gaskiya bakin gwamnati ce. Suna da hujja. Sai dai mutanen da suka karanta takardunsu da waƙoƙinsu na boko, da yawansu a shafukan Gaskiya suka saba da karanta maganar mulki da Hausa.

Siyasar jam'iyya ba ta riƙe shi da daɗewa ba. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940 tare da su Dokta Dikko, tun tana ƙungiyar al'adu, ya kuma shiga majalisa a farkon shekarun 1950, sannan ya koma aikin hukuma, inda ya daɗe a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa a zamanin da ake ƙoƙarin cike ofisoshi da 'yan ƙasa. Bai daina rubutu ba, ya yi littattafan tarihin Musulunci da na ilimi, amma ƙagaggen labari irin na ƙuruciyarsa bai sake komawa gare shi ba. Nakan ji takaicin wannan, ko da yake na san zamanin ne ya ja duk wani mai ilimi a Arewa zuwa ofis, domin ba su da yawa kuma aikin ya fi su.

Akwai kuma batun East, wanda wasu suke so a rage masa matsayi don a ɗaga Imam, wasu kuma suke so a mayar da Imam ɗan amshin shatansa. Duka biyun ba su yi adalci ba. East ne ya samo kuɗi, ya yi faɗa da manyansa har aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945 da maɗaba'arsa, ya kuma nace a kan a rubuta Hausa yadda ake faɗarta. Yana da ra'ayinsa na ɗan mulkin mallaka game da abin da ya dace Bahaushe ya karanta, kuma wannan ra'ayi ya takaita irin littattafan da aka buga. Amma East ba zai iya rubuta shafi ɗaya na abin da Imam ya rubuta ba, kuma alamu sun nuna ya san haka. Daga wannan gida na Gaskiya ne jaridar Turanci ta Nigerian Citizen ta fito a 1948, wadda New Nigerian ta gaje ta a ranar 1 ga Janairun 1966, haka kuma NORLA, hukumar samar da littattafai ta zamanin yaƙi da jahilci, da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya wanda ya ci gaba da buga littattafan Imam. Kusan duk wata harkar ɗab'i ta Arewa a wancan ƙarni, idan aka bi saiwarta, a nan za a tarar da ita.

Yau Hausa ta fi kowane lokaci yawan kafofin labarai. Ga gidajen rediyon ƙasashen waje, ga tashoshin FM a kowace babbar alƙarya, ga Aminiya da Leadership Hausa, ga shafukan intanet da ba su ƙirguwa. Amma sau da yawa nakan karanta labari a waya in kai ƙarshe ban gane wanda ya yi wa wani abu ba, sai na mayar da jimlar Turancin da aka ɗauko ta daga ciki sannan ma'ana ta fito. Ba na ɗora laifin duka a kan matasan da suke wannan aiki, domin ana ba su labari goma su juya kafin azahar, babu mai duba musu, albashin kuma bai taka kara ya karya ba. Abin da ya ɓace shi ne edita irin wanda zai dawo wa mutum da takardarsa ya ce ya karanta ta da ƙarfi, in ta yi masa nauyi a baki ya sake. Imam ma daga Turanci yake samun yawancin labaran duniya, kuma cikin gaggawar yaƙi yake aiki. Bambancin shi ne yakan fahimci labarin tukuna, ya ajiye takardar Bature gefe, sannan ya ba da shi.

Littattafansa ba su cikin haɗari. Ana sake buga su, ana karanta su a makarantu da jami'o'i, an mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin a Kaduna a shekarun 1980 inda marigayi Ƙasimu Yero ya fito, kuma tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya tace ya fito a 1989. Rubutunsa na jarida ne ba ya hannun mutane. Ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, bayan ta koma Kaduna ƙarƙashin kamfanin New Nigerian, ta bi uwar gidanta cikin durƙushewa har ta ɓace daga hannun masu sayar da jarida. Tsofaffin fitowarta suna ɗakunan adana tarihi, a kan takardar zamanin yaƙi wadda ba a yi ta don ta daɗe ba. Ɗalibin aikin jarida a Kano ko Zariya ko Yamai zai iya gama digirinsa bai taɓa karanta sharhin Imam ko guda ɗaya ba, balle wasiƙun da mutanen lardi suka riƙa aiko masa.

Aikin da ake bukata bai fi ƙarfin sashen Hausa na jami'a ɗaya ba, in ya haɗa kai da Gidan Arewa da ke Kaduna da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa: a ɗauki hoton kowane shafi tun daga fitowar Janairun 1939 har zuwa lokacin da ya bar kujerar, a sa a intanet kyauta, sannan a zaɓi sharhunansa da wasiƙun masu karatu a buga su littafi guda, da ɗan bayanin abin da yake faruwa a lokacin da aka rubuta kowanne. Gwamnonin jihohin Arewa, waɗanda kamfanin jaridar yake hannunsu, su ne suka fi kowa hakkin biyan kuɗin wannan aiki.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya gafarta masa, ya kyautata makwancinsa.